Daga kwalejin al'umma zuwa makarantar likitanci a Amurka: yadda ake bin hanyar

Wanda ya tashi a Najeriya ya san hanya ɗaya ta zama likita: a gama sakandare, a ci JAMB, a shiga Jami'ar Bayero ko Ahmadu Bello, bayan shekara shida a fito da MBBS. A Amurka ba haka lissafin yake ba, kuma wannan ne abu na farko da ke ruɗa iyaye da 'ya'yansu. A can sai ka yi digirin farko na shekara huɗu tukuna, a kowane fanni ka ga dama, sannan ka nemi makarantar likitanci, wadda ita ma shekara huɗu ce, kafin a zo maganar horon ƙwarewa a asibiti.

Da yawa daga cikin yaranmu da ke Bronx, Houston ko kewayen Washington ba sa fara digirin nan a jami'a. Suna farawa ne a kwalejin al'umma, wato kwalejin shekara biyu irin su Bronx Community College, BMCC, Montgomery College ko NOVA, saboda kuɗin ya fi sauƙi, ga ta kusa da gida, kuma mutum yana iya haɗa karatu da aiki. Daga baya sai su koma jami'a su ƙarasa shekara biyun da suka rage. Ana zama likita ta wannan hanya. Wani bincike da aka buga a mujallar Academic Medicine a 2014 ya nuna cewa sama da kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka shiga makarantun likitanci a 2012 sun taɓa zama a ajin kwalejin al'umma. Amma binciken ya kuma nuna cewa waɗanda suka fara daga can bayan sakandare ba su kai sauran samun gurbi ba, ko da makinsu ya yi daidai. Gara ka san wannan tun yanzu.

Matsalarka iri biyu ce. Ta farko, masu tantancewa suna da tambaya a ransu: shin A ɗin da wannan yaro ya ci a kwaleji, zai iya cin irinsa a aji mai zafi na jami'a? Ta biyu, lokaci. Wanda ya fara a jami'a yana da shekara uku ya san malamai, ya shiga bincike, ya tara shaida kafin ya cike fom. Kai kuwa shekara ɗaya ko biyu kake da ita bayan komawa. Duk matakan da ke ƙasa amsa ce ga waɗannan biyun.

Mataki na farko: ka san matsayin takardunka

Kafin ka sayi littafi ko ɗaya, duba wannan. Idan kai ɗan ƙasa ne ko kana da katin zama na dindindin, ƙofofi a buɗe suke, har da bashin karatu na gwamnatin tarayya. Idan kuwa da bizar ɗalibi ta F-1 kake, makarantun likitanci ƙalilan ne ke karɓar baƙi, ba ka da damar bashin gwamnati, wasu ma sai ka nuna kuɗin shekaru a ajiye kafin su ba ka wuri. Haka kuma jihar da ake lissafa ka a matsayin mazauninta tana da nauyi ƙwarai. Makarantun gwamnati suna fifita 'yan jiharsu. A Texas doka ce ta tanadi cewa kashi 90 na ɗaliban makarantun likitancin gwamnati su zama mazauna jihar.

Wanda ya riga ya yi wasu shekaru a jami'ar gida kafin ya zo, ya sani cewa yawancin makarantun likitanci suna son darussan kimiyyar da aka yi a Amurka ko Kanada, don haka kada ya dogara da tsohuwar takardarsa ta Kano ko Yamai.

Mataki na biyu: zaɓen darussa a kwaleji

A nan ne mafi yawan ɓarna ke faruwa, kuma shiru take faruwa, sai bayan shekara biyu mutum ya farga.

Abin da galibin makarantu ke nema shi ne shekara guda ta bayoloji, shekara guda ta kimistiri na gaba ɗaya, shekara guda ta kimistirin oganik, shekara guda ta fizis, kowanne da aikin ɗakin gwaji. Da yawa sun ƙara da bayokimistiri, lissafi ko ƙididdiga, da darasin rubutun Turanci. Tarkon shi ne, kwalejin al'umma takan koyar da kimistiri iri biyu da bayoloji iri biyu: akwai na masu son aikin jinya da makamantansu, akwai na masu digirin kimiyya. Sunayensu sun yi kama, lambarsu ce ta bambanta. Na biyun kake buƙata. Kada ka yarda da "ai duk ɗaya ne" daga bakin aboki. Ka tambayi mai ba ɗalibai shawara, ka kuma tabbatar da idonka a shafin jami'ar da kake nufin komawa. A Kalifoniya akwai shafin ASSIST da ke nuna wane darasi ne ke daidai da wane tsakanin kwaleji da jami'a. A tsarin CUNY, wato kwalejoji da jami'o'in gwamnati na birnin New York, akwai Transfer Explorer.

Sai babbar tambaya: nawa daga cikin darussan nan za a yi a kwaleji, nawa za a bari sai an koma jami'a? Za ka ji masu cewa kada ka taɓa ko ɗaya a kwaleji. Ban yarda da wannan ba, don ba ya aiki. Jami'a ba za ta karɓe ka a fannin bayoloji a matsayin ɗan shekara ta uku ba alhali ba ka yi kimistiri ba, kuma in ka tara komai sai can, ka ƙara wa kanka shekara guda ko biyu. Masu tantancewa suna bambance mutum biyu: wanda kwalejin ce makarantarsa, ya yi darussansa a inda yake, da wanda yake jami'a amma ya sulale kwaleji da hutun bazara don ya guje wa oganik. Na biyun ne ake yi wa kallon tuhuma.

Shawarata ita ce ka yi bayoloji, kimistiri na gaba ɗaya da lissafi a kwaleji. Oganik da fizis kuma ka duba abin da jami'ar da za ka koma take buƙata kafin ta ɗauke ka. In ta ce sai da oganik, yi shi. Bayokimistiri dai ka bar shi sai jami'a. Kuma duk darasin da yake da kashi biyu, ka gama shi a makaranta ɗaya. Raba oganik na ɗaya a nan na biyu a can yana jawo giɓi, musamman in ɗaya tana bin zango biyu a shekara ɗayar kuma tana bin zango uku.

Kowace makarantar likitanci tana da nata ra'ayin game da darussan kwaleji: wasu suna karɓa ba sharaɗi, wasu sai sun duba mutum da halinsa, kaɗan kuma sun fi son a yi su a jami'a. Ƙungiyar makarantun likitanci ta Amurka, AAMC, tana da kundi a intanet mai suna MSAR da ke nuna matsayin kowace. Buɗe shi tun shekararka ta farko. A nan ma za ka ga abin da suke cewa game da darussan da aka yi ta intanet, musamman na ɗakin gwaji.

Wani abu da kusan kowa ke jahilta: idan ka koma jami'a, sau da yawa takan fara lissafa maka GPA, wato matsakaicin maki, daga sifili, sai ka ɗauka tsohon makinka ya tafi. Bai tafi ba. Fom ɗin neman makarantar likitanci yana haɗa duk darasin da ka taɓa yi a kowace kwaleji, har wanda ka yi kana sakandare. Idan ka faɗi darasi ka maimaita, duka biyun za a lissafa, ko da kwalejinka ta goge na farko daga nata lissafin. Saboda haka in ka ga darasi zai kayar da kai, janyewa kafin wa'adi ya fi. Alamar W ɗaya, wato ta janyewa, ba ta shiga GPA, amma D tana nan har abada. Sai dai kada W ta zama ɗabi'a.

Mataki na uku: zaɓen jami'ar da za a koma

Kada suna ya ɗauke maka hankali. Tambayoyin da suka fi suna amfani su ne: kiredit nawa za su karɓa daga cikin naka? Suna da ofishin da ke kula da masu son likitanci? Ɗalibin da ya zo daga baya yana samun wuri a ɗakin bincike? Akwai asibiti kusa?

Jihohi da dama suna da yarjejeniya tsakanin kwalejoji da jami'o'i. A Kalifoniya, rassa shida na Jami'ar Kalifoniya, wato Davis, Irvine, Merced, Riverside, Santa Barbara da Santa Cruz, suna ba da tabbacin gurbi ga wanda ya cika sharuɗɗan shirin TAG. Berkeley, UCLA da San Diego ba sa ciki. Virginia ma tana da irin wannan yarjejeniya da jami'o'inta. Ga mai maki mai kyau da ƙarancin hali, gidauniyar Jack Kent Cooke tana da tallafi na musamman ga masu komawa jami'a daga kwalejin al'umma, wanda yakan kai dala 55,000 a shekara, sai dai gasar tana da zafi. Mai cin tallafin Pell kuma, wato wanda gwamnatin tarayya ke ba ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi, ya tuna cewa iyakarsa zango 12 ne a rayuwa, don haka shekara huɗu a kwalejin shekara biyu tana cinye rabon jami'a.

Fannin da za ka karanta zaɓinka ne. Ba dole sai bayoloji ba. Amma kai da kake da abin da za ka tabbatar, kowane fanni ka ɗauka sai ka sa manyan darussan kimiyya a ciki.

Mataki na huɗu: shekarar farko a jami'a

Wannan ita ce shekarar da ta fi kowace nauyi a takardunka. Sanannen abu ne cewa makin ɗalibi yakan faɗi a zangon farko bayan komawa. Daga aji mai mutum talatin inda malami ya san sunanka, sai ka tsinci kanka a zaure mai ɗaruruwa, jarrabawa biyu ko uku ne kawai za su yanke hukuncin zangon gaba ɗaya. Idan A ɗinka na kwaleji ya koma C a nan, ka ba mai shakka hujja da hannunka.

Don haka kada ka cika wa kanka kaya a zangon farko don nuna bajinta. Manyan darussan kimiyya biyu sun isa, sauran ka cike da masu sauƙi. In hali ya yi, rage awannin aiki. Na san wannan magana ce mai sauƙin faɗa ga wanda ba shi ke biyan haya ko aika kuɗi gida ba, amma in akwai lokacin da ya kamata dangi su ɗauke maka nauyi, to wannan ne. Daga zango na biyu sai ka ƙara: bayokimistiri, ilimin gadon halitta, fiziyoloji, ilimin ƙananan halittu. A ko A- a waɗannan shi ne amsar da ba ta buƙatar dogon bayani.

A makon farko ka je ofishin masu son likitanci ka rubuta sunanka. Dalili shi ne wasu jami'o'i suna rubuta wasiƙar kwamiti, wato wasiƙa ɗaya da ke tattara shaidar malamai a kanka, kuma suna da sharuɗɗa da wa'adi da kan faɗo watanni kafin a buɗe fom. Ɗalibin da ya zo daga baya shi ne wanda labarin kan wuce shi.

Mataki na biyar: malamai da asibiti

Galibin makarantu suna son wasiƙa daga malaman kimiyya biyu da wani malami guda na wani fanni. Wasiƙar malamin kwalejin da ya san ka sosai tana da amfani, kuma takan fi ta farfesan da bai iya tuna fuskarka ba. Amma a ƙalla ɗaya ta kimiyya ta fito daga jami'a. Kafin ka bar kwaleji, ka roƙi malamin ya rubuta tun kana sabo a ransa, a ajiye a wuri irin Interfolio. A jami'a kuma hanya ɗaya ce: zuwa ofishin malami a lokutan da ya ware wa ɗalibai, da tambaya ta gaske, mako bayan mako. Mu an tarbiyyantar da mu kan cewa yaro ba ya yawan tunkarar babba. A can, wanda bai je ba ana ɗauka bai damu ba ne.

Ta fuskar aikin asibiti kuwa, kai ne da riba. Kwalejojin al'umma su ne ke ba da gajeren horo na ma'aikacin motar ɗaukar marasa lafiya, mataimakin jinya, ko mai ɗibar jini. Cikin 'yan watanni sai ka samu shaidar da za ta ba ka aiki mai albashi a gefen mara lafiya, ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Ka haɗa da bin likita a wurin aikinsa na wasu kwanaki, da aikin sa-kai mai ɗorewa a wuri ɗaya. Idan kana jin Hausa ko Faransanci, raka tsofaffin unguwa asibiti da yi musu tafinta abu ne da ya cancanci shiga fom. Ka riƙa rubuta kwanan wata, awanni da sunan mai kula da kai, domin za a tambaya.

Bincike ba wajibi ba ne a ko'ina, amma manyan makarantu suna son sa. Shirin bincike na hutun bazara mai suna REU, da hukumar kimiyya ta ƙasa NSF ke ɗaukar nauyi, yana karɓar ɗaliban kwalejin al'umma masu takardun zama, kuma yana biya.

Mataki na shida: MCAT

Jarrabawar neman shiga makarantar likitanci ce, ta kusan awa bakwai da rabi, kashi huɗu: kimistiri da fizis, fahimtar rubutu, bayoloji da bayokimistiri, sai halayyar ɗan Adam da zamantakewa. Maki yana tsakanin 472 da 528. Matsakaicin waɗanda ke samun shiga makarantun MD, wato masu ba da digirin likita da aka fi sani, a shekarun nan yana wajen 511 zuwa 512, GPA kuma wajen 3.8. A gare ka MCAT alheri ce, domin ita ce ma'auni guda da ba ta san daga wace makaranta mutum ya fito ba.

Kada ka zauna mata kafin ka gama bayokimistiri. Kada kuma ka shiga don gwaji, saboda makarantu suna ganin duk sakamakon da ka taɓa samu, kuma sau bakwai kawai aka yarda a rayuwa, uku a shekara. Ware wata uku zuwa shida, ka yi jarrabawar gwaji ta AAMC cikakkiya da agogo. Wanda Turanci ba harshensa na farko ba ne, ɓangaren fahimtar rubutu ne kan ba shi wuya, kuma haddace-haddace ba ta maganinsa. Karatu ne na kullum tun da wuri.

Kafin ka biya ko sisi, nemi shirin rangwame na AAMC ga masu ƙaramin ƙarfi. Yana rage kuɗin MCAT, yana buɗe MSAR kyauta, yana kuma ɗauke kuɗin fom na makarantu har 20. Ba ya mayar da abin da aka riga aka biya, don haka shi ake fara nema.

Mataki na bakwai: wace shekara za a cike fom

Daga buɗe fom zuwa shiga aji ya fi shekara guda. Wanda ke son wucewa kai tsaye ba hutu sai ya nema a ƙarshen shekararsa ta uku. A wurinka wannan na nufin zango biyu kacal na makin jami'a, malaman da ba su gama saninka ba, da MCAT da aka yi a guje. Akwai masu iyawa, amma ga mafi yawa na fi ganin a jira a gama digiri, a nema da makin shekara biyu cikakku, shekarar da ke tsakani a yi aiki a asibiti ko ɗakin bincike. Yanzu yawancin masu shiga likitanci haka suke yi, har waɗanda ba su taɓa taka kwalejin al'umma ba. Iyaye za su ce ana ɓata lokaci, ɗan wane ya riga ya wuce. A zaunar da su a yi musu bayani: nema sau ɗaya da ƙarfi ya fi sau biyu da rauni, a kuɗi da kuma a idon makarantu.

Mataki na takwas: fom ɗin kansa

Ƙofofi uku ne: AMCAS ga yawancin makarantun MD, AACOMAS ga makarantun DO masu ba da ɗaya nau'in digirin likita, TMDSAS ga mafi yawan na Texas. Kada ka raina DO. Likitoci ne cikakku masu lasisi, kuma tun 2020 tsarin horon ƙwarewarsu ɗaya ne da na MD.

AMCAS yana buɗewa a farkon Mayu, ana fara miƙawa a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. Makarantu da yawa suna ba da gurbi ne bi da bi yadda takardu ke isowa, don haka wa'adin Oktoba ko Nuwamba da ka gani a shafinsu kada ya yaudare ka. Miƙa a Yuni. Kai musamman, sai ka aika takardar sakamako ta asali daga kowace makaranta da ka taɓa yi wa rajista, ko da jami'arka ta riga ta nuna waɗannan darussa a tata. Ka nemi kwafi don kanka, ka kwafe sunan kowane darasi da lambarsa daidai yadda yake a takardar makarantar da ka yi shi, ba yadda jami'a ta sake masa suna ba. Tantancewar takan ɗauki makonni, kuma takarda ɗaya da ta makale tana tsayar da komai. Tun Afrilu ka leƙa tsohuwar kwalejinka ka tabbatar babu wani abu da ya rage a kanka.

Akwai bayanin kai mai haruffa 5,300, da gurabe 15 na ayyukan da ka yi, uku daga ciki ka zaɓe su a matsayin mafi tasiri. Aikin da ka yi don ciyar da kanka, ko tuƙin mota ne ko tsaron kanti, ka sa shi da awanninsa. Yana bayyana inda lokacinka ya tafi. Bayanin kai kuma amsar "me ya sa likitanci" ne, ba wurin neman afuwa kan kwaleji ba. Akwai wani gurbi dabam na bayyana ƙalubalen rayuwa, can ya dace da labarin kuɗi ko na iyali.

Daga nan kowace makaranta za ta aiko nata fom na biyu da nata kuɗin. Al'ada ita ce a mayar cikin mako biyu. Wasu suna neman jarrabawar hali irin Casper ko PREview. Ana ganawa daga wajen Satumba har zuwa Maris. In an tambaye ka dalilin farawa a kwaleji, jimla biyu sun isa: dalilin, da abin da ka yi bayan komawa. Makarantun MD suna fara ba da amsa daga tsakiyar Oktoba, kuma zuwa 30 ga Afrilu ake so mai gurbi fiye da ɗaya ya tsaya a kan guda.

Maganar kuɗi

Dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta rufe Grad PLUS, wato bashin tarayya na masu karatun gaba da digiri, ga sababbin masu karɓa daga 1 ga Yulin 2026, ta kuma ƙayyade bashin tarayya ga ɗaliban likitanci a dala 50,000 a shekara, jimilla 200,000, alhali kuɗin makarantu da dama ya haura haka. Saboda haka wajen jera makarantu, fara da na jiharka. A gefe guda, makarantar likitanci ta NYU ba ta karɓar kuɗin karatu tun 2018, haka ma Albert Einstein da ke Bronx tun 2024, bayan kyautar dala biliyan ɗaya daga Ruth Gottesman. Shigarsu da wuya ƙwarai, ka sa su a jeri amma kada ka gina lissafinka a kansu.

Idan zagayen ya ƙare ba gurbi, kada ka sake miƙa takardu iri ɗaya. Wasu makarantu suna gaya wa wanda ba su ɗauka ba inda ya gaza, in ya tambaya. In makin kimiyya ne, akwai shirye-shiryen gyaran maki na bayan digiri. In MCAT ce, a sake ta bayan an canza salon karatu. Makarantun likitanci na tsibiran Karibiyan za su yi ta aiko maka saƙo a wannan lokaci. Kafin ka amsa ko ɗaya, ka nemi su nuna maka a rubuce mutum nawa suka ɗauka a aji guda, nawa suka kammala, nawa kuma suka samu gurbin horon ƙwarewa a Amurka.